Babi na Shida: Fenti Kawai Take Buƙata

A tsofaffin unguwannin Bauchi, irin su Jahun da Nassarawa da Bakin Kura, akwai gidajen da ba a kwatanta su da lamba ko sunan layi. Cewa ake yi: in ka wuce masallaci za ka ga wata Fijo a kan duwatsu ƙarƙashin dogon yaro, to nan ne. Tayoyin sun daɗe da sacewa, ganye ya cika bakin gilashi, akuya na kwana a ƙarƙashi, wata kazar ma ta taɓa ƙyanƙyashewa a kujerar baya. Amma in aka tambayi maigidan, ba zai taɓa cewa motar ta mutu ba. Fakin aka yi da ita. Injinta lafiya lau yake ranar da aka kashe shi. Fenti kawai take buƙata, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Kanikawan garin sun san wannan zance, kuma sun san inda yake kai mutum.

Yawancin motocin nan shekarunsu ɗaya da jihar. An ƙirƙiro Jihar Bauchi ranar 3 ga Fabrairu, 1976, shekara guda bayan kamfanin Peugeot Automobile Nigeria ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun shiga aljihun ma'aikata a 1975, sabuwar jiha na neman ma'aikata da motocin ofis, gwamnati na ba da rancen sayen mota, gwamnatin soja ta Obasanjo kuma ta mai da 504 motar hukuma tun daga manya har ƙasa. Sakatare da shugaban makaranta da alƙali da ɗan kwangila duk Fijo suke hawa. Wanda bai kai nan ba ya sayi Volkswagen ɗin Legas. A cikin garin Bauchi kansa, kamfanin Steyr-Daimler-Puch na ƙasar Ostiriya ya haɗa hannu da gwamnati aka kafa Steyr Nigeria, wanda ya soma fitar da manyan motoci da taraktoci a 1979. A wancan zamani Kano na da kamfanin Fiat, Inugu na da na Marsandi, Ibadan na da Leyland. Mota a lokacin ba ita kaɗai take zuwa ba. Tana zuwa da dillali mai shago cike da kayan gyara na asali, da littafin da ke ɗauke da lambar kowane noti, da kanikawan da kamfani ya horar.

Duk wannan ya watse. Motar ce kawai ta rage. Wanda ya ɗauko aikin tayar da 504 a yau yana zaton mota zai gyara, alhali aikin kamfani da dillali da makarantar horarwa ne ya hau kansa, shi kaɗai, da albashin wata.

A ce wani ma'aikaci ya gaji 504 ta mahaifinsa, ƙirar 1982, ta yi shekara goma a ajiye. Ya sa aka ja ta zuwa gareji don a fesa mata fenti kafin babbar Sallah. Mai fenti ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa ƙasan ƙofa da ɗan yatsa, ya ce, “Alhaji, ba a fenti a kan tsatsa. Sai mai bugun jiki ya gani tukun.” Mai bugun jiki ya sa sanfefa, sai ga fila mai kaurin yatsa, shaidar wani karo da aka yi tun zamanin Shagari wanda ba wanda ya sani a gidan. Aka ɗaga shimfiɗar ƙasa, aka hango ƙasar gareji ta cikin motar. Damina a Bauchi ba ta wasa, daga Mayu har wajen Oktoba, kuma ruwan da ya shiga ta tsagaggiyar robar gilashi ba shi da mafita sai ya ci ƙarfe. To, sai walda. Ba a walda kusa da tankin mai, a sauke tanki. Ba a walda da kujeru a ciki, a cire kujeru. Da aka cire su wayoyi suka bayyana, rabi ɓera ya ci, rabi sun bushe suna karyewa a hannu, sai a kira mai waya. Za a cire gilashin gaba don a kai ga tsatsar gefensa, robar ta marmashe. Ita wannan robar, da aka raina, tana iya tsayar da aiki wata uku.

Har yanzu ba a taɓa inji ba.

Injin 504 na fetur, wanda kamfani ke kira XN1, mai lita biyu ne ba kaɗan, a kishingiɗe yake cikin boneti, bulo na ƙarfe, kai na alminiyam. Abin da ya sa kanikawa ke ƙaunarsa shi ne silif ɗinsa cirewa ake yi. Fistin ba a jikin bulo yake hawa da sauka ba, a cikin wasu bututu huɗu yake, waɗanda ruwan sanyaya inji ke zagayawa. In sun cinye, a zare su a sa sababbi, inji ya koma kamar jiya aka yi shi. Wannan dabara ce ta sa Fijo ɗaya ke cin inji uku ko huɗu a rayuwarta ba tare da an canja bulo ba. Amma a nan tarkon yake. Ƙasan kowane silif akwai abin toshi da ke raba ruwa da baƙin mai, kuma da zarar an ɗaga kan inji silif ya motsa, sai an bi ta kansa. Ga shi shekara da shekaru ruwan rijiya ake ɗura wa lagireto, ba ruwan da aka yi domin haka ba, ya cinye hanyoyin ruwa na cikin alminiyam. Wanda ya zo canja gasket sai ya koma da lissafin silif da fistin da ringi da mital, da kai kiranshaf wurin masu wanki.

A daidai nan ake jin maganar da ta fi kowace cin kuɗi a gareji: “Tunda an riga an sauke.” Kuma ba yaudara ba ce. Sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya a 504 cikin wani bututun ƙarfe take a rufe, don haka kaiwa ga kuloci aiki ne na yini guda. Wane mai hankali ne zai mayar da inji a kan tsohon kuloci, bayan wata biyu ya sake biyan kuɗin saukewa? A canja kuloci. Tunda giyabos na ƙasa, a duba siil ɗinsa. Tunda inji zai dawo da ƙarfinsa, birkin da ya yi shekara goma bai motsa ba fa? Kowane mataki daidai ne in aka dube shi shi kaɗai. Sai an tara su ake ganin Sallah biyu ta wuce.

Akwai kuma abin da ba bakanike ne ke kawo shi ba, idon mai motar ne. Kafin a yi fenti, tsohuwar bamba ba ta dame shi ba. Ranar da jiki ya fito yana sheƙi, bambar ta zama abin kunya, fitilun nan masu siffa ta daban da aka san 504 da su suka zama dusu-dusu, kujerar da aka yi wa faci ta ƙi shiga ido. Mai gidan ƙasa ya san wannan: in ya yaɓe bango ɗaya bayan damina, sauran ukun ne ke fara kiransa.

Sai neman kaya. Faransa ta fito da 504 a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, aka daina ƙera salun ɗinta a can a 1983. Kaduna ta ci gaba da ita har wajen 2006, kusan ita ce ta ƙarshe a duniya. Wannan ya yi wa mai 504 rana, don har yanzu fulogi da kwantak da fanbel da takalmin birki ba sa wuya. Sai dai kayan sun kasu uku a bakin 'yan kasuwa: orijina, wanda ya yi ƙaranci, na Baljiyam, wato wanda aka ciro daga wata motar a Turai, da sabo fil cikin kwali mai kyau da ake kira ɗan Taiwan ko daga ina ya fito. Kwandensa jabu na iya mutuwa kafin a kai Nabordo. Abin da ke wahalarwa na gaske shi ne ƙananan kayan da ba wanda ya damu ya kwaikwaya: hannun ƙofa, marfin fitilar baya, agogon dashbod, zakin da ke gaban giril, adon ƙarfe na gefen jiki. Waɗannan sai an bi sawunsu. A tambaya a Bauchi, a ce sai Jos, kilomita ɗari da talatin. A Jos a ce a gwada Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. In abin ya faskara a kira wani a Ladipo ta Legas ko kasuwar Nkwo ta Nnewi, ya turo hoto ta WhatsApp, a tura kuɗi, a sa a motar dare. Kaya ya iso, a tarar na 505 ne, ko na hagu aka aiko maimakon na dama.

Mai Fijo 404 ya fi shiga uku. Ita tun 1960 aka fito da ita, kuma salun ɗinta na da wani irin aksul na baya mai haƙoran tagulla da ke son mansa na musamman. A zuba masa man giya na gama-gari, ya cinye kansa a hankali. Masu tsofaffin Steyr kuwa labarinsu ya fi ban takaici, tunda a garinsu aka harhaɗa motar. Uwar kamfanin a Ostiriya ta rabu gida-gida: MAN ta Jamus ta karɓi sashen manyan motoci wajen 1990, Case ta Amurka ta sayi na taraktoci a 1996. Abin mamaki, jinin Steyr bai ƙare a titin Bauchi ba. Tun 1983 ƙasar Sin ta sayi fasahar Steyr 91, kuma daga wannan tsatson ne kamfanin Sinotruk ya taso, mai yin Howo ɗin da ke jigilar siminti daga Ashaka suna ratsa garin dare da rana.

Kuɗi ma ba sa jira. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Daga Satumbar 1986, da gwamnatin Babangida ta karya darajarta ƙarƙashin shirin SAP, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, 'yan Kwatano suka cika ƙasa, kamfanonin harhaɗawa suka shiga durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fara aikin tsohuwar mota a farkon 2023 ya yi lissafinsa dala na wajen naira 460 a farashin hukuma; kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Fenti da tina da fila da ringi duk daga waje suke zuwa ko da kayan waje ake haɗa su. Mai mota yana tara kuɗin galan huɗu, kafin su taru sun zama kuɗin galan biyu. Shi ya sa ake aikin gutsure-gutsure, wata ya yi a sayi abu ɗaya, kuma aikin gutsure yana haifar da nasa aikin. Ƙarfen da aka kankare aka bari ba fenti, damina ɗaya ta ishe shi ya koma inda aka faro. Batir ɗin da aka saya don gwada inji ya mutu a zaune. Sababbin tayoyi sun tsage a rana ba su taka kwalta ba.

Shi ma bakanike ba za a ga laifinsa duka ba. Ya karɓi kafin alƙalami tun bara, ya cinye. Yau ga Vectra da Sharon na haya sun shigo, direbobi na tsaye a kansa, kuɗi a hannu, suna son komawa tasha kafin azahar. Motar Alhaji ba ta sauri. Tana gefe, an ɗora mata tsumma da kwanon abinci. Wata rana a ari kik ɗinta a gwada wata motar, a manta ba a mayar ba. Notinan da aka tara a gwangwanin madara yaran gareji su yi ta ɗiba ɗaya-ɗaya. In mai ita ya leƙo ranar Asabar, Oga ya share hannu da tsumma ya ce, “Ranka ya daɗe, ai saura kaɗan.”

Kuma masu sanin aikin suna ƙarewa. Saita kafireta ta Solex da kunne, gyara tazarar kwantak, sa tayimin ba tare da fitila ba, wannan ilimi yana hannun dattawan da suka koyi sana'a lokacin da kowace mota a tasha Fijo ce. Yaron da ya shiga gareji bayan 2010 ya tashi da injekta da na'urar da ake soka wa mota ta faɗi ciwonta. Ba raini ba ne, nan abincinsa yake. Amma in Baba mai Fijo ya kwanta ciwo ko ya tafi Hajji, aiki ya tsaya, don shi kaɗai ya san inda ya kwana, ba a rubuce yake ba.

A Turai sun yi wa abin doka da ƙa'ida. Ƙungiyar FIVA ta masu tsofaffin motoci ta duniya tana kiran mota ta tarihi in ta kai shekara 30, an adana ta yadda take, kuma ba ita ake hawa yau da kullum ba. A Ingila motar da ta haura shekara 40 ana iya yafe mata harajin hanya. Peugeot na da gidan tarihinta a Sochaux tun 1988. Can ana jayayya a kan ko launin fentin ya yi daidai da na shekarar ƙira, ko ɗinkin kujera irin na kamfani ne. Farashi kuma yakan bi labarin mota fiye da ƙarfenta: a 2011 an yi gwanjon farar 504 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, ƙirar 1977, aka ba da rahoton an taya ta dala miliyan biyu da rabi. Abin dariyar shi ne 504 ta yi ƙaranci a Faransa kanta, kuma Afirka ce ta kwashe. Shekarun 1970 da 1980 samarin Turai kan sayi tsohuwa da arha, su keto Sahara ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sayar a Nijar su koma gida a jirgi.

Bauchi ta fi kama da Kuba, inda motocin Amurka na shekarun 1950 ke yawo da injin dizal na wata ƙasa a cikinsu, saboda takunkumi ya hana kayan gyara shiga. A nan ma in ana son ganin gwanintar raya tsohuwar mota, ba gidan mai kuɗi za a je ba. A tsaya bakin hanyar Dass ko ta Ningi ranar kasuwa, a ga a-kori-kura ta taho da buhunan masara sun fi ta tsawo, mutane a sama, an ƙara mata sifirin, injin 505 a ciki, ƙofa ɗaya shuɗiya ɗaya fara. Ba abin da FIVA za ta yarda da shi a jikinta. Amma ita tana tafiya, ta Alhaji kuwa tana gareji. Bambancin shi ne direban a-kori-kura ya san abin da yake nema: ta tashi gobe da asuba. Mai motar gado yana neman ta koma yadda ya san ta yana yaro a kujerar baya, ana tafiya Yankari, kuma wannan ba a sayar da shi a Panteka.

A ganin mai wannan littafi, masu dagewa sai orijina a kowane noti su ne suka fi barin mota a kan duwatsu. Distiributa mai lantarki a madadin kwantak ba ta rage wa 504 mutunci ba, kuma babu mai gani sai ya buɗe boneti.

Gida ma na da nasa lissafin. Motar mamaci dukiya ce, tana shiga rabon gado, a yi mata kuɗi a raba. Sau da yawa wanda ya karɓe ta a kasonsa ya karɓa ne tana gawa, da ƙaramin farashi. Da ta fara sheƙi sai a ji wani ɗan'uwa na cewa ai motar Baba ce, ta kowa ce, a ba da ita a ɗauko amarya. Uwargida kuma tana lissafin cewa kuɗin da suka shiga cikinta sun isa fuloti a bayan gari. In an yi sa'a ta tashi, takardu na jira: lasin ya mutu tun tuni, lambar tsohon yayi ce, takardar asali ta ɓata a wani ƙaura, lambar injin da aka sa ba ita ce a rubuce ba. Sannan fetur. Kafin 29 ga Mayu, 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. A ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa, kuma kafireta ba ta san tsimi ba. Motar da aka gama sai ta koma fita Juma'a kawai. Mota mai zama kuwa tana lalacewa ta inda mai tafiya ba ta yi: mai ya bushe a kafireta ya toshe jet, birki ya kama, siil ya bushe ya fara ɗiga.

A gefe guda 'yan gwangwan na zagayawa. Su ba ruwansu da shekarar ƙira, kilo suke saye, su sare da gatari da wutar kabaid, a loda a tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe na Ikorodu da Ogijo. Tsadar ƙarfe ta sa tayinsu ya fara shiga kunnen magada, kuma duk 504 ɗin da ta shiga tukunya ta tafi da hannun ƙofa huɗu da gilashi shida da wani ke nema ido rufe. Shi ya sa tsofaffin kanikawa ke ba da shawara guda ga wanda ya ɗauki aikin da gaske: kada ya tsaya sayen kaya ɗaya-ɗaya, ya nemi wata matacciyar 504 sukutum ya saya kafin 'yan gwangwan su riga shi, a riƙa yankar ta ana ciyar da tasa.

Shawara ce mai kyau, kuma tana da arha in aka yi lissafi. Sai a ji labarin wata a Darazo ko Misau, a je a yi ciniki, a ɗauko ta a bayan kanta. A sauke ta kusa da ta farko, mai bugun jiki ya ɗaga shimfiɗa ya duba ƙasanta, ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya yi shiru. Sannan ya ce, “Alhaji, wannan fa ta fi taka lafiyar jiki. Haram ne a yanka ta.” Ita kuma wagon ce, mai kujeru layi uku, irin wadda ake ɗaukar fasinja da ita zuwa Maiduguri a da. Gilashinta na baya ne kawai babu, sai an tambaya a Jos.